Yashin Hoto da Hasken Almuru: Kundin Gwajin Kyamarori Uku

3 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne saboda wani hoton mujiya da na ɗauka makonni biyu da suka wuce, wanda har yanzu yake ci mini rai. Na shafe kwanaki ina bibiyar tsuntsuwar har na gano reshen da take sauka a kansa bayan faɗuwar rana, na kuma same ta a zaune daidai yadda nake so, amma da na buɗe hoton a kwamfuta sai na tarar gashin ƙirjinta ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi, inuwar da ke ƙarƙashin fiffikenta kuma ta koma tabo-tabo na ja da kore. Turawa suna kiran wannan aibi da kalmar da ke nufin hayaniya, sun aro ta daga fannin lantarki da sadarwa, amma abin da idona yake gani yashi ne, don haka da wannan suna zan kira shi.

Duk wanda na nuna wa hoton amsarsa ɗaya ce: sensar kyamararka ta yi ƙanƙanta, ka nemi babba. Sensa ita ce farantin da ke bayan lensi, wanda haske yake sauka a kansa a mayar da shi lambobi. Tawa nau'in APS-C ce, milimita 23.5 a tsawo da 15.6 a faɗi, filinta ya kai milimita murabba'i 367. Wadda ake kira cikakken firam tana da milimita 36 da 24, wato murabba'i 864, ta ninka tawa fiye da sau biyu. Akwai kuma ƙarama, ta tsarin Micro Four Thirds da kamfanonin Olympus da Panasonic suka fitar a 2008, mai milimita 17.3 da 13, murabba'i 225, wadda babbar ta kusa ninka ta sau huɗu. Ba na musun cewa girma yana da amfani, amma ina so in san iyakar amfaninsa ga mutumin da abin da yake ɗauka ƙarami ne, yana nesa, kuma ba ya fitowa sai haske ya yi rauni.

Dattijon da ya koya mini ɗaukar hoton tsuntsaye ya ara mini kyamararsa mai cikakken firam, mai megafiksel 24 kamar tawa (wato fiksel miliyan 24, ƙananan gidajen sensa masu karɓar haske), kuma kamfani ɗaya ya ƙera su, saboda haka lensinsa yana hawa tawa. Da zai miƙo mini ita ya ce, "Ɗana, ka riƙe ta har ƙarshen Janairu, amma ka rubuta duk abin da ka gani a ranar da ka gan shi, kada ka dogara da tunawa." Na ce, "To, Malam, zan yi yadda ka ce." Wani aboki kuma ya ara mini ƙaramar, mai megafiksel 20.

9 ga Nuwamba, 2024

Dabba ba ta tsayawa a gwada kyamarori uku a kanta, don haka na yi allon gwaji. Na manna gashin tsuntsaye iri uku da na tsinta a ƙasa: fari na balbela, baƙi na hankaka, da na zabo mai ɗigo-ɗigo, wanda ya fi sauran amfani domin ƙananan zanensa suna fara ɓacewa da zarar yashi ya yi yawa. Zagayen farko ya lalace, saboda gajimare ya gifta a tsakanin kyamara ta biyu da ta uku ban lura ba, sai da na ga hotunan ba su yi daidai da juna ba. Na koma cikin ɗaki, na rufe tagogi, na yi amfani da fitila ɗaya wadda haskenta ba ya canzawa.

Na ɗora kowace kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku, na daidaita su yadda allon zai cika hoton iri ɗaya, na sa buɗin lensi a f/8 (idan lambar f ta ƙaru buɗin yana tsukewa), ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take ƙarfafa siginar haske, a 3200, saurin marufi, wato tsawon lokacin da ake barin haske ya shiga, kuma iri ɗaya. Sakamakon ya zo yadda masu ba ni shawara suka faɗa. Babbar ta fi tsafta, tawa tana tsakiya, ƙaramar ta fi yashi, kuma sai da na sauke ƙaramar zuwa ISO 800, na ninka lokacin ɗauka sau huɗu, sannan ta yi kama da babbar a 3200. A harshen masu hoto duk ninki biyu na haske mataki ɗaya ne, saboda haka tazarar mataki biyu ce, daidai da bambancin filin sensocin. Tsakanin tawa da babbar kuma tazarar ta ɗan wuce mataki ɗaya.

Duk da haka raina bai kwanta da gwajin ba. Ban taɓa ɗaukar mujiya da almuru a f/8 ba, kuma lensin ƙaramar kyamarar yana iya buɗewa har f/4, amma na tsuke shi da hannuna domin lambobi su yi daidai. Zan dawo kan wannan.

16 ga Nuwamba, 2024

Wannan makon karatu na yi, ban fita ba, kuma ya gyara mini kuskuren da na daɗe a cikinsa. Na ɗauka yashi wani datti ne da kyamara take zubawa a hoto. Ashe mafi yawansa yana cikin hasken ne tun kafin ya iso lensi.

Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, waɗanda ake kira foton, kuma ba sa zuwa a tsare. Idan mutum ya zana ƙananan gidaje a kan daɓe ya tsaya yana kallo lokacin da aka fara yayyafi, zai ga wani gida ya sami ɗigo uku, na kusa da shi ya sami bakwai, wani kuma bai sami ko ɗaya ba, alhali ruwa ɗaya ne yake sauka a kansu duka. Sai ruwan ya yi ƙarfi sannan bambancin ya daina fitowa. Haka fiksel ɗin sensa suke. Lissafin wannan saɓani yana bin ƙa'idar da masanin lissafi Bafaranshe Poisson ya wallafa a 1837: saɓanin yakan kai lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da yawan ƙwayoyin. Fiksel da ya ƙirga foton 10,000 saɓaninsa 100 ne, kashi ɗaya cikin ɗari, ido ba ya ganinsa. Wanda ya ƙirga 100 saɓaninsa 10 ne, kashi goma cikin ɗari, kuma wannan shi ne yashin da ya rufe ƙirjin mujiyata. Abin da ya biyo baya shi ne, domin a ninka tsaftar hoto sau biyu, dole a ninka haske sau huɗu.

Akwai yashi na biyu wanda kyamarar ce take haifar da shi yayin da take karanta cajin kowane fiksel, wato ilektiron ɗin da foton suka haifar a cikinsa. Kyamarorin nan uku duk suna amfani da sensa nau'in CMOS, wadda Eric Fossum da abokan aikinsa suka haɓaka a ɗakin binciken hukumar NASA a farkon shekarun 1990, kuma tun daga lokacin injiniyoyi suke ta rage wannan yashin karatu, har ya sauko zuwa ilektiron ɗaya zuwa uku a ISO mai yawa. Idan fiksel ya tara ilektiron 100, saɓanin haske 10 ne, kuma idan aka haɗa shi da yashin karatu na 2 jimillar ba ta wuce 10.2 ba, domin ba a haɗa su kai tsaye, murabba'insu ake haɗawa. Sai a can cikin inuwa mai duhu ƙwarai, inda fiksel bai tara abin da ya wuce ilektiron huɗu ko biyar ba, sannan yashin karatu yake kamo na haske.

Wannan ya rage mini tsammanin cewa wata sabuwar kyamara za ta zo ta kawar da matsalar gaba ɗaya. Sensocin yanzu suna ƙirga kimanin rabi ko fiye na foton ɗin da suka isa fiksel, saboda haka ko da an ƙera wadda ba ta zubar da ko ɗaya, ribar daga wannan ɓangare ba za ta wuce mataki ɗaya ba.

Tabon ja da kore ma na gano tushensa. A saman sensa akwai matatar launi wadda Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, inda rabin fiksel suke ganin kore, kashi ɗaya cikin huɗu ja, kashi ɗaya cikin huɗu shuɗi. A ƙarƙashin ganye hasken ya fi karkata zuwa kore, ja da shuɗi suna samun kaɗan, kuma idan manhaja ta ɗaga su domin launi ya daidaita, tana ɗaga yashinsu tare da su.

24 ga Nuwamba, 2024

Shekara da shekaru ina tsoron ISO. Na sa wa kaina doka cewa ba zan wuce 1600 ba, ko da hoton zai fito da duhu, in ya so in haska shi a kwamfuta. Yau na gwada dokar a kan allon. Na bar buɗin lensi da saurin marufi a wuri ɗaya, wato haske iri ɗaya ne yake shiga kowane hoto, ISO kaɗai nake canzawa daga 200 zuwa 6400, sannan na haska masu duhun a kwamfuta har duka suka yi haske ɗaya.

Da dokata gaskiya ce, da hoton 200 ya fi kowanne tsafta. Akasin haka na gani. Gashin hankaka a hoton 200 da aka ɗaga mataki biyar ya yi yashi mai kauri har da layuka a kwance, na 6400 kuwa ya fi shi tsafta a fili. Dalilin shi ne ISO ba ya ƙara haske kuma ba ya rage shi, ƙarfafa siginar kawai yake yi kafin a mayar da ita lambobi, kuma idan aka ƙarfafa ta da wuri, yashin da sauran sassan lantarki suke ƙarawa daga baya yana zama ƙarami a kusa da ita. Abin da ya sa muke ɗora wa ISO laifi shi ne ba ma ɗaga shi sai inda haske ya yi ƙaranci, sai mu ga lamba babba tare da yashi a lokaci ɗaya.

Na lura da wani tsalle a kyamarar dattijo: inuwar ISO 800 ta fi ta 640 tsafta, ko da yake lambar ta fi girma. Sensoci da yawa na yanzu suna da hanyar karatu biyu, ɗaya ta haske mai yawa, ɗaya ta haske mai rauni, kuma suna sauyawa a wata lamba da ta bambanta daga kyamara zuwa kyamara. Daga 800 zuwa sama kuwa bambancin ya kusa ɓacewa, har na kasa rarrabe hoton 800 da aka ɗaga mataki biyu daga hoton 3200.

Farashin da ake biya yana wajen fari. Duk lokacin da aka ninka ISO, iyakar hasken da hoto zai iya riƙewa kafin ya ƙone tana raguwa da kimanin mataki ɗaya, kuma gashin balbela shi ne ya fara shafewa a 6400, ya zama farin fili babu zare ko ɗaya. Yashi ana iya rage shi daga baya, amma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Don haka na sauya dokata: idan dabbar mai duhu ce in bar ISO ya hau yadda yake so, idan kuma akwai fari a jikinta in rage mataki ɗaya daga abin da kyamara ta zaɓa, in haska daga baya a ɗanyen fayil na RAW, wanda yake riƙe matakan haske 16,384 a tsarin bit 14, inda JPEG, fayil ɗin hoto na yau da kullum, yake da 256 kacal a kowane launi.

1 ga Disamba, 2024

Na gwada batun zafin sensa, na rufe bakin lensi na ɗauki duhu zalla bayan kyamarar ta daɗe a kunne. A 1/500 na daƙiƙa ban ga wani abu ba. A daƙiƙa 30 jajayen ɗigo sun bayyana nan da can. Wannan damuwar masu ɗaukar taurari ce, ba ta shafi tsuntsu a kan reshe ba, don haka na rufe babin.

14 ga Disamba, 2024

Na koma kan abin da ya hana ni sakewa ranar 9 ga Nuwamba, kuma ina ganin yau ne aikin ya sami alƙibla. A wannan karo na bar kowane lensi a buɗe har iyakarsa, kamar yadda nake yi a daji. Babbar kyamara tana ɗauke da lensi mai milimita 600 a f/6.3, tawa tana da 400 a f/5.6, ƙaramar tana da 300 a f/4. Saboda bambancin girman sensa, dukkansu suna ganin fili ɗaya daga wuri ɗaya, tsuntsu yana cika hoton daidai wa daida.

Da na sa saurin marufi ɗaya, ƙaramar ta nemi ISO 1600, tawa 3200, babbar 4000. Wato a hasken da ake ciki da gaske, kyamarorin ba sa aiki a ISO ɗaya, kuma duk gwajin da ya jera su a lamba ɗaya yana amsa wata tambaya ce daban da tawa. Da na buɗe hotunan, tazarar mataki biyu ta tafi. Babbar ta ci gaba da zama a gaba, amma da ɗan kaɗan, tawa da ƙaramar kuma kusan kunnen doki suka yi.

Lissafin da ya bayyana wannan mai sauƙi ne. Lambar f ba faɗin ƙofar lensi ba ce, rabo ne tsakanin tsawon lensi da faɗin ƙofar. Idan aka raba 600 da 6.3 za a sami milimita 95. Idan aka raba 400 da 5.6 za a sami 71, 300 da 4 kuma 75. Hasken da ya taso daga jikin tsuntsu yana bazuwa ta ko'ina, kuma rabon da kyamara take samu shi ne iyakar wanda ya faɗa cikin wannan ƙofa a lokacin da marufi yake buɗe. Filin ƙofa mai milimita 95 ya ninka na mai 75 sau 1.6 ne kawai, wato kashi biyu cikin uku na mataki, kuma abin da idona ya gani ke nan. Sensa tana karɓar abin da lensi ya kawo mata ne, ba ta da hanyar jawo ƙarin foton daga jikin dabba.

Wannan ba ya nufin babbar sensa ba ta da fifiko. Fifikonta shi ne tana ba da damar amfani da lensi mai ƙofa babba ba tare da filin gani ya tsuke ba. Lensin 600 a f/4 yana da ƙofa mai milimita 150, filinta ya ninka na mai 75 sau huɗu cif, kuma a nan ne matakan nan biyu suke dawowa. Amma nauyinsa kusan kilo 3 ne, kuma wanda ya sayi babbar kyamara ya ɗora mata lensi mai ƙaramar ƙofa ya sayi sunan ribar ne, bai sami ribar ba. Ina ganin wannan shi ne abin da masu ba ni shawara suka tsallake, ba don sun yi niyyar ɓatar da ni ba, sai don an saba kwatanta kyamarori ana mantawa da gilashin da ke gabansu. Fifikonta na biyu yana wurin haske mai yawa, inda take iya tara foton masu yawa a ISO mafi ƙasa, abin da yake amfanar mai ɗaukar tsauni da kwari fiye da mai bin mujiya.

22 ga Disamba, 2024

Na gwada abin da ya fi faruwa da ni a daji, wato tsuntsu ƙarami a nesa wanda ba ya cika hoto. Wata kurciya ta zauna a kan busasshen reshe har na sami damar ɗora lensin 600 a kan babbar kyamara, sannan na mayar da shi kan tawa, daga wuri ɗaya da saiti ɗaya. A babbar sai da na datse gefuna kafin kurciyar ta kai girman da take a tawa, kuma abin da ya rage daga megafiksel 24 bai wuce 10 ba. Sauran filin sensar ya tara hasken sararin sama ne, wanda na yanke na zubar.

Idan aka zuƙo hotunan har fiksel ɗaya ya hau ɗigo ɗaya na allon kwamfuta, tawa ta fi nuna yashi, domin faɗin fiksel ɗinta maikiromita 3.9 ne, na babbar kuma 6. Amma wannan kallo yaudara ne, tunda ya ƙara girman hotona fiye da ɗayan. Da na mayar da su girma ɗaya, yashin ya zama ɗaya, zanen wuyan kurciyar kuma ya fi fitowa a tawa. Ƙofa ɗaya, lokaci ɗaya, nisa ɗaya, foton ɗaya.

Zoben ƙarin tsawo na 1.4, wanda ake sawa tsakanin lensi da kyamara, ma haka yake. Yana mayar da 600 zuwa 840, ya mayar da f/6.3 zuwa f/9, ISO ya ninka, amma faɗin ƙofar bai canza ba, hasken tsuntsun ne aka shimfiɗa a kan fiksel masu yawa.

5 ga Janairu, 2025

Yammacin jiya a bakin tafki ya koya mini abin da allon gwaji bai koya mini ba. Na fara da shirwa masu shawagi, marufi a 1/2000, domin ƙasa da haka bakin fiffike yana shafewa. Rana ta faɗi, shirwa suka tafi, sai ga zalɓe ya sauka a gefen ruwa ya tsaya cak yana jiran kifi. Na yi ta ɗaukarsa ban canza komai ba, sai da na duba na ga ISO ya kai 12,800. Tsuntsun da ba ya motsi nake ɗauka da saurin tsuntsu mai tashi. Na sauke marufi zuwa 1/250, wato haske ya ninka sau takwas, ISO ya faɗo 1600, kuma dogayen zaren gashin da ke ƙirjinsa suka fito ɗaya bayan ɗaya, har da ɗigon ruwa a bakinsa. Matakai uku ke nan daga juya yatsa ɗaya, fiye da duk tazarar da ke tsakanin babbar sensa da ƙaramar.

Da na koma kan bayanan hoton mujiyar nan na Oktoba, 1/1600 na gani. Mujiya ce a zaune.

Rage sauri yana da iyaka. Na'urar daidaita girgiza da ke cikin lensi tana gyara rawar hannuna ne, ba ta gyara motsin dabba, kuma lokacin da zalɓen ya kai wa kifi sara duk hotunan 1/250 sun shafe. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce in fara da sauri mai aminci in sami hoto ɗaya a hannu, sannan in riƙa saukowa mataki-mataki ina ɗauka a jere, domin dabba tana da ɗan tsaiko tsakanin motsi da motsi, kuma a cikin jeri akan sami wanda ya faɗa cikin tsaikon. Yanzu ina zaɓar marufi da buɗin lensi da hannuna, in bar ISO ga kyamara, kuma na ajiye saiti biyu a maɓallan tuni, ɗaya na tashi ɗaya na zama.

Saurin gushewar haske ma ya ba ni mamaki da na lissafa shi. Lokacin faɗuwar rana hasken fili yana kusan lukus 400 (lukus ma'aunin ƙarfin haske ne), kuma kafin rana ta kai digiri 6 ƙarƙashin sararin gani ya sauko zuwa kimanin 3. Matakai bakwai ke nan a cikin kusan rabin sa'a, mataki ɗaya a duk minti huɗu ko ƙasa da haka. Ke nan babbar kyamara da lensin da nake da shi, da ribarta ta kashi biyu cikin uku na mataki, mintuna ƙalilan take ƙara mini a bakin tafki.

18 ga Janairu, 2025

Na juya kan manhajojin goge yashi masu aiki da ƙirƙirarriyar basira. Kamfanin DxO ya fitar da nasa tsarin a 2020, Adobe kuma ya sa nasa a manhajarsa ta Lightroom a 2023, kuma irin waɗannan suna aiki ne a kan ɗanyen fayil kafin a haɗa launuka. A hoton zalɓe na ISO 6400 sakamakon ya burge ni, tabon launi ya tafi, zaren gashi ya tsaya. A hoton mujiyar nan kuwa, inda ƙirjin bai tara hasken kirki ba, abin da ya fito sumul ne, amma da na kwatanta shi da gashin mujiya da na gani da idona, layukan ba su bi tsarin gashin ba. Irin wannan fasaha tana cike gurbi ne da abin da ta koya daga wasu hotuna, kuma inda bayani ya yi ƙaranci hasashenta ne yake rinjaye.

Wannan yana damuna, domin hoton namun daji shaida ce a kan halitta, kuma wani yana iya dogara da zanen gashi ko launin ido ya tantance jinsin tsuntsu. Shi ya sa manyan gasa, kamar wadda Gidan Tarihin Halittu na Landan yake shiryawa kowace shekara, suke neman asalin fayil daga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe. Na yanke wa kaina cewa zan goge tabon launi gaba ɗaya, in goge yashin bayan fage yadda ya kamata, amma a jikin dabbar in tsaya a rabi, ko da ɗan yashi zai rage.

2 ga Fabrairu, 2025

Na mayar wa dattijo kyamararsa tare da kwafin wannan kundi. Ya karanta shigar 14 ga Disamba sau biyu, sannan ya tambaye ni nisan da ke tsakanina da mujiyar a ranar farko. Na ce kimanin mita 20. Ya ce, "To ka lissafa mita 10." Na lissafa a gabansa: idan nisa ya ragu da rabi, tsuntsun yana rufe fili sau huɗu a kan sensa, hasken jikinsa da ke shiga ƙofar lensi ma ya ninka sau huɗu, matakai biyu cikakku. Ya ƙara da cewa ba a samun wannan kusanci ta hanyar bin tsuntsu, kuma duk mujiyar da ta buɗe ido sosai ta miƙe jikinta ta riga ta gaya wa mutum cewa ya wuce gona da iri.

Saboda haka kashi na gaba na aikin ba gwajin sensa ba ne. Na kafa maɓoya ta yadi mai launin ƙasa a mita 15 daga reshen, nesa da inda nake zaton sheƙarta take, na bar ta babu kowa a ciki kwana biyar domin tsuntsuwar ta saba da ganinta. Jiya na shiga tun kafin la'asar ta yi sanyi, na zauna har ta sauka minti goma bayan faɗuwar rana. Da kyamarata da lensin 400 a f/5.6, marufi a 1/125, ISO ya tsaya a 2500, kuma a cikin jerin da na ɗauka akwai uku da idonta ya fito tar, gashin ƙirjinta kuma ana iya bin zanensa. Ba ta dubi maɓoyar ba ko sau ɗaya. Idan ta ci gaba da sauka a reshen har ƙarshen mako, zan matsar da maɓoyar mita biyu, in kuma gwada 1/60 da igiyar latsawa domin kada hannuna ya taɓa kyamarar.